Ɗinkin Ƙarfe

Daren Laraba hadari ya haɗo daga gabas.
Kafin asuba rufin sitonmu na riɗi
ya tashi ɗungurungum, kwano da ƙarfe,
ya je ya kife a gonar Mati kamar akushi.
Gari ya ce: iska ce, ikon Allah.
Ni ma na ce haka. Na fi kowa ɗaga murya.

Ran Asabar aka turo injiniya daga Dutse,
Furera sunanta, 'yar siririya,
ba ta riƙo komai ba sai tef da wata guduma
da ba ka ce ta fasa goriba ba.

Da ƙasa ta fara.
Daɓen nan, inci nawa ne kaurinsa?
Buhun siminti ɗaya, baro nawa na yashi?
Kwana nawa aka yi ana ba shi ruwa?
Na ce, aikin Ilu birkila ne, Allah ya ji ƙansa.
Sati biyu yana zuwa da jaki da jarkoki huɗu,
safe da yamma, a tsakiyar bazara,
muna tsokanarsa: Ilu, tsiro kake jira?
Ta ƙwanƙwasa. Daɓen ya amsa garau
kamar mai gaskiya gaban alƙali.
Babu tsaga ko ta silin gashi.
Ta ce, mamacin nan ya san aikinsa.

Sai ta ɗaga kai.

Ƙofa ina take kallo? Gabas.
A buɗe ta kwana? Sakata ta lalace tun kaka.
Ta ce, kai lissafinka duk na sauka ne,
ka ɗauki rufi kamar kayan jaki,
abin da zai danna kawai.
Iska ba danna kwano take ba, tsotsarsa take.
Ta shiga ta ƙofa ta cika ɗaki kamar zugazugi,
ta waje kuma tana ja sama
yadda ake ɗage faifai daga bakin tukunya.
A daren nan nauyin rufinka sama ya nufa.
Me ka tanada da zai riƙe shi?

Shekara ashirin da uku ina walda,
ban taɓa jin nauyi na tafiya sama ba.

Ta hau tsani zuwa ginshiƙin kusurwa
inda ɗinkina ya rabu.
Bugu ɗaya, kashin walda ya zube,
ƙarƙashinsa huji-huji kamar saƙar zuma.
Ƙarfe bai ci ƙarfe ba,
gaisawa kawai suka yi.

Na san ranar.
Magariba ta kawo jiki, janareta na tari,
mai ya koma gindin tanki,
mai sayarwa kuma sai bakin titin Gagarawa.
Na ɗiga nan, na ɗiga can,
na ce gobe zan dawo in cike.
Gobe ta zo da ƙofar wani, da garmar wani,
da sunan ɗan ƙanena.
Na aiki yaro ya shafe wurin da jan fenti.

Ba ta ce da ni uffan ba gaban mutane.
Ta sa gutsuren a tafin hannuna,
ta rubuta a takarda: tsawon ɗinki, kaurin faranti,
noti huɗu a kowace ƙafa,
da sabuwar sakata.

Yau kwanana tara a bisa.
Man daga aljihuna yake fita,
ƙungiya ba ta tambayi dalili ba,
Mati ne kawai ke kallona ya kau da kai.
Kowane ɗinki sai na ɓare kashinsa,
na leƙa, na sake bi.
Da dare idona kamar an watsa masa yashi.

In na sauko shan ruwa
kan daɓen Ilu nake zama, yana da sanyi.
Sararin gabas ya fara baƙi tun la'asar.
Saura kusurwa ɗaya.